Wace riga ta dace da mai keke a lokacin bazara?

Ƴan uwa mazauna karkara, keke ya zama jakin mutane da yawa. Da shi ake zuwa kasuwa. Da shi ake kai hatsi wurin niƙa, da shi ake ɗauko ruwa, da shi yara ke zuwa lakwal. Moto ya yi yawa a yanzu, gaskiya ne. Amma moto mai yake sha, keke kuwa ƙarfin mai shi yake sha. Wanda ya tashi daga Damagaram zuwa kasuwar Mirya ran Lahadi, kilometir 18 ne zuwa, 18 dawowa. Wani kuma yakan yi tafiyar kwana 2 ko 3 bisa keke, don ziyara, ko biki, ko neman aiki.

Kafin mai keke ya tashi, yakan duba taya, ya buga iska, ya taɓa birki, ya ɗiga wa sarƙa mai. Abu ɗaya ne ba ya dubawa: rigar da ke jikinsa. Wadda hannunsa ya fara taɓawa, ita yake sawa. A lokacin dari wannan ba ya kawo wata ɓarna mai yawa. A bazara kuwa, riga tana iya rage wa mutum wahalar hanya, tana kuma iya ƙara masa ita har ta kai shi gidan likita.

Yadda jiki ke fid da zafi

Zafin jikin mai lafiya digiri 37 ne. A watan Afrilu da Mayu, wato watan 4 da watan 5, zafin iska a Tawa da Ƙonni da Maradi da Yamai yana wuce digiri 40 a cikin inuwa. Wata rana yana kai 45. Ke nan iskar da ke kewaye da kai ta fi jikinka zafi. Ba ta sanyaya ka, ƙara maka take yi.

Ga kuma aikin tuƙi. Idan ka raba ƙarfin da jiki ke ƙonawa kashi 4, kashi 1 kaɗai ke tura keke. Sauran kashi 3 zafi suke zama a cikin jiki. Wuta ta sama, wuta ta ciki. Dole wannan zafi ya fita, in ba haka ba mutum ya faɗi.

Hanyar fitarsa ita ce zufa, wadda wasu ke ce wa gumi. Amma a lura da kyau. Fitar zufa kaɗai ba ta sanyaya jiki. Bushewarta ce ke sanyayawa.

Ku dubi randa. Ruwa yana tsatsowa ta jikinta kaɗan-kaɗan. Iska ta hura, ta busar da shi. Wannan bushewa ita ce ke janye zafi, ruwan ciki ya yi sanyi. Salkar makiyayi ma haka take aiki. Ku zuba ruwa cikin bidon roba ku aje a wuri ɗaya da randa. Da azahar na randa yana da sanyi, na bido ya yi ɗumi, don roba ba ta tsatsa. Jikin mutum randa ne. Riga mai kyau tana barin sa ya yi aikinsa na randa. Mugunyar riga tana mai da shi bidon roba.

Mai tuƙa keke a cikin irin wannan zafi yana iya zubar da zufa litir 1 cikin awa guda, wani ma fiye da haka. Duk ɗigon da ya zuba ƙasa bai bushe a jiki ba, hasara ce. Ruwa ya fita, sanyi bai shiga ba.

Tuɓe riga ba dabara ba ce

Samari da yawa, in zafi ya dame su, sai su tuɓe riga su ɗaura a kan keke, ko su bar singileti kawai. Suna jin daɗin iska na ɗan lokaci. Amma rana tana dukan fatarsu kai tsaye, kafaɗu da baya da wuya. Zufa kuma tana gangarowa tana ɗiga ƙasa.

A lokacin yaƙin duniya na 2, masana a ƙasar Amurka sun auna sojoji a hamadar Kaliforniya. Sun ga cewa wanda ya zauna a rana da tufafi marasa nauyi bai kai wanda ya tuɓe zubar da zufa ba. Wato tufa inuwa ce da mutum ke yawo da ita. Wannan ba sabon labari ba ne gare mu. Ayarin raƙuma da ke zuwa Bilma ɗaukar gishiri, ba ka ganin mutum guda a cikinsu da jiki a waje.

Baƙar fata tana da kariya daga rana fiye da farar fata, amma ita ma tana ƙuna. Wanda ya fi kowa shiga haɗari shi ne zabiya. Rana tana ƙona fatarsa da sauri, ƙunar kuma in ta yi ta maimaituwa tana iya zama ciwon daji na fata. Yaro zabiya da ke zuwa lakwal bisa keke, a sa masa riga mai dogon hannu mai wuya, wadda saƙarta ta tsuke, da malfa mai faɗi, ko bazara ko ba bazara ba.

Babbar riga da sarƙar keke

To, in tuɓewa ba ta yi ba, sai a sa babbar riga? Ga mai tafiya ƙasa ko mai zama a inuwa, babbar riga tana da daɗi, don iska tana yawo a cikinta. Ga mai keke kuwa tana da illa biyu.

Ta farko, tana kama iska kamar buhu. In kana fuskantar iska, sai ka ji kamar wani yana jan ka ta baya. Ƙarfinka ya tafi a banza, zafin ciki ya ƙaru.

Ta biyu ta fi muni. Bakin riga yana shiga sarƙa, ko ya shiga wayoyin ƙafar baya. In an yi sa'a, riga ce ta yage ta sha baƙin mai. In ba a yi sa'a ba, ƙafar keke ta tsaya cak, mutum ya faɗi ta ka. Dogon kaftani ma haka ne. Rawani mai jela da mayafi da dogon hijabi su ma haka ne, sun ma fi haɗari, don a wuya suke. Wanda zai goya matarsa ko ƴarsa a bayan keke, ya tsaya ya ga ta tattara zanenta da mayafinta bisa cinya kafin ya taka feda.

Mun san abin da dattijo zai ce. Zai ce: "Ni da girmana, in shiga gidan surukai da ƴar taguwa?" Yana da gaskiya. Ba wanda ya ce ya zubar da mutuncinsa. Maganin abin mai sauƙi ne. A ninke babbar riga, a sa cikin jaka ko leda, a ɗaure a bayan keke. A yi tafiya da rigar hanya. In an kusa gari, a tsaya gindin itace, a wanke fuska, a sa babbar riga. Mutum ya shiga gari tsaf, ba ƙura, ba tabon zufa. Wanda ya sawo tasa tun daga gida, shi ne zai iso kamar an tono shi.

Auduga ko roba?

Nan ne maganar take da yawa.

Tufafin da ke kasuwanninmu, yawancinsu iri 2 ne, sai na 3 wanda aka gauraya. Akwai na auduga, kamar akoko da alawayyo da saƙin gida da atamfa ta gaske. Akwai na roba, wato nailan da poliyesta, wanda tsofaffin teloli suka sani da sunan targal. Wannan zare ba shuka shi ake yi ba. Daga man fetur ake samo shi. An ƙirƙiro nailan a Amurka a 1935, zaren poliyesta kuma a Ingila a 1941.

Auduga tana shan ruwa. In zufa ta fito, zare ya tsotse ta, ya baza ta, ya riƙe ta kusa da fata. A busasshiyar iskar bazara wannan alheri ne. Iskar tafiya tana busar da rigar a hankali, jiki yana samun sanyi. Kana ma iya yayyafa wa rigar ruwa da gangan, in kana kusa da rijiya. Ba a yi da ruwan sha na guzuri, sai in ya wadata.

Roba ba ta shan ruwa, sai kaɗan ƙwarai. Yadin roba mai santsi mai ƙyalli, wanda saƙarsa ta toshe, shi ne mafi muni ga mai keke. Zufa tana kwance a ƙarƙashinsa, ba ta shiga zare, ba ta samun iska. Daga nan ƙurajen zafi ke fitowa a baya da ƙirji. Yana da araha, ba ya yamutsewa, yana da kyan gani ran salla. A bar shi wa ran salla.

Amma ba duka roba ce haka ba, kada mu yi mata ƙarya. Rigar ƙwallo, wadda samari ke ce wa mayo, ita ma poliyesta ce. In ta gaske ce, an saƙa ta da ƙananan huji masu yawa. Iska tana ratsa ta, zufa tana bi ta tsakanin zare ta fito waje, ta bushe nan da nan. Shi ya sa Turawa masu yawo da keke suke guje wa auduga. A ƙasarsu iska tana da laima, yamma kuma tana da sanyi. Jiƙaƙƙiyar auduga ba ta bushewa a can, sai ta manne a jiki ta sa mutum rawar ɗari. Maganarsu daidai ce a ƙasarsu. A bazarar Adar ko Damargu, inda wanki ke bushewa kafin a gama shan shayi, ba haka abin yake ba.

Sai dai mu ma muna da lokacin da maganarsu ke kama mu. In damina ta sauka, a watan 7 da watan 8, iska tana cika da laima. Zufa ba ta bushewa da sauri. Rigar auduga mai kauri sai ta jiƙe sharkaf, ta yi nauyi, ta goge hammata har fata ta saɓe. A wannan lokaci mayo mai huji, ko siririyar riga mai gauraye, ta fi daɗi. Mutanen Gaya, inda ruwa ya fi yawa, sun fi mutanen Tanut sanin wannan. Haka kuma a lokacin dari. Wanda ya yi zufa da rana, rigarsa ta jiƙe, ya ci gaba da tafiya bayan magariba, sanyi zai kama shi. Ya canza riga kafin rana ta faɗi.

Roba tana da wani aibi: wari. A 2014 masana na jami'ar Gand, a ƙasar Beljik, sun sa mutum 26 tuƙa keken motsa jiki da ƙarfi. Sun karɓi rigunansu suka aje, washegari aka shinshina. Rigunan poliyesta sun fi na auduga wari nesa ba kusa ba. Dalili, akwai ƙwayoyin cuta masu sa wari da ke jin daɗin hayayyafa a kan wannan zare. Wanda ya taɓa zama kusa da mai mayo cikin motar kasuwa bai bukaci jami'a ta gaya masa ba.

A ganinmu, ga tafiyar bazara a ƙasarmu, riga mai yalwa ta auduga mara kauri ita ce kan gaba. Mai gauraye, wadda audugarta ta fi yawa, tana biye. Ita ta fi saurin bushewa, ta kuma fi jure wanki.

Yaya za ka gane yadi? Mai sayarwa zai rantse maka auduga ce zalla. Kai dai ka gwada.

In rigar gwanjo ce, duba ƴar takardar da ke wuya ko a gefe ta ciki. In ka ga an rubuta coton da Faransanci, ko cotton, auduga ce. In ka ga polyester ko nylon, roba ce. Lambar da ke gaba ita ce yawan kowane cikin 100. Misali, 65 polyester da 35 coton, roba ta fi yawa. Wannan ɗan karatu ba ya fi ƙarfin wanda ya san baƙaƙe da lambobi.

In ba takarda, ɗiga ruwa kaɗan a kan yadin. Auduga da aka taɓa wankewa tana shanye shi nan take. A kan yadin roba mai santsi, ruwan yakan tsaya kamar ƙwallo, ko ya gangare. Sabon yadi mai sitati yana iya ruɗin ka, don haka akwai gwaji na 3. Zaro zare guda daga baki, ka kusanta shi da ashana. Auduga tana ci kamar takarda, tana warin takarda, ta bar toka mai laushi. Roba tana noƙewa, ta narke, ta bar ɗan baƙin dunƙule mai tauri. A nemi iznin mai kaya tukuna, kuma a yi nesa da tulin tufafinsa.

Sannan ka ɗora yadin a bakinka ka hura, ka sa tafin hannu a bayansa. In ka ji iska, jikinka ma zai ji. In ba ka ji ba, aje shi. Shadda mai ƙaro da ta sha bugu, ko ta auduga ce, ba ta wuce wannan gwaji. Amma kada ka zaɓi wanda ya cika shara-shara. Ɗaga shi sama wajen rana. In kana ganin komi ta cikinsa sarai, rana ma tana ganin fatarka. Tsaka-tsaki ake nema.

Fara ko baƙa?

Kowa ya san baƙin abu ya fi fari ɗaukar zafi a rana. Amma wani zai tambaya: to me ya sa Buzaye ke sa baƙin turkuɗi a tsakiyar sahara?

Masana ma sun yi wannan tambaya game da Larabawan daji masu baƙaƙen riguna. Sun yi gwaji a hamadar Negeb, suka buga sakamakon a 1980. Sun tsai da mutum a rana da baƙar riga mai yalwa, sannan da fara mai yalwa. Baƙar ta ɗauki zafi fiye da farar, amma zafin da ya isa jikin mutumin ɗaya ne. Yadin yana da kauri, kuma yana nesa da fata. Iska tana shiga ta ƙasa, ta hau, ta fita ta wuya, ta tafi da zafin.

Rigar mai keke ba haka take ba. Siririya ce, kuma in ya sunkuya kan keke tana kwanciya a bayansa da kafaɗunsa, daidai inda rana ke duka. In baƙa ce, zafinta zai shiga fata. Saboda haka mai keke ya nemi fara, ko ruwan ƙasa mai haske, ko shuɗi mai haske, ko ruwan toka. Fara tas tana nuna datti da wuri. Kaki mai haske ya fi ɓoye ƙura.

Akwai wani dalili da ya fi zafi nauyi. A bazara masu hankali suna tafiya da asuba ko da dare. A kan kwalta, kamar babbar hanyar da ta tashi daga Yamai ta bi Doso da Ƙonni da Maradi zuwa Damagaram, motoci suna gudu. Motar da ke gudun kilometir 90 a awa tana cin metir 25 cikin daƙiƙa guda, wato kafin ka ce "ɗaya". Mai baƙar riga a kan keke mara fitila, direba ba ya ganin sa sai ya zo dab da shi. Farar riga ana hango ta tun da ɗan nisa. Abin da ya fi duka shi ne ƴar rigar nan mai layin ƙyalli, irin ta ma'aikatan hanya, wadda ke haske in fitilar mota ta haska ta. Ana hango ta daga nisan da ya wuce metir 100. Ba ta da nauyi. A ɗora ta bisa riga in duhu ya yi, a tuɓe in gari ya waye.

Rigar ƴan tsere

Wani lokaci a cikin gwanjo ana samun wata riga matsattsiya mai launi da rubuce-rubuce, da zip a gaba, da aljihu 3 a baya. Rigar ƴan tseren keke ce, irin masu tseren zagaya Faransa da aka fara a 1903, ko na zagaya Burkina Faso da aka fara a 1987. An matse ta don kada ta kama iska, saboda su suna gudun kilometir 40 a awa. Motoci na biye da su da ruwa da likita. Kai kuwa kana tafe da buhun gero ko bidon ruwa, kilometir 10 ko 12 a awa, kuma ba mai bin ka. Matsi ba zai ƙara maka gudu ba. Hannunta kuma gajere ne. Abu guda ne ya cancanci a koya daga gare ta: bayanta ya fi gabanta tsawo.

A wurin tela

In za ka ɗinka, wanke yadin tukuna, ka shanya. Sabuwar auduga tana shiga in ta ga ruwa, akoko ma ya fi kowane. Wanki kuma yana fid da sitati. Metir 2 ko 2 da rabi ya isa rigar babban mutum, gwargwadon faɗin yadin.

Ka ce wa tela ya yi ta da yalwa, yadda dunƙulen hannunka zai shiga tsakanin riga da ciki. Tsawonta ya rufe ɗuwawu in kana tsaye, kada ya kai gwiwa. Baya ya fi gaba tsawo da kamar yatsa 4, don in ka sunkuya kada ƙugunka ya fito rana. Ya tsaga gefe da gefe kaɗan daga ƙasa. Kafaɗa da hammata su yi sakwa-sakwa. Ka gwada a gabansa: miƙa hannuwa biyu gaba kamar ka riƙe kan keke. In ka ji ta ja a baya, ya sake ta.

Hannu ya zama dogo, mai maɓalli, wanda ake iya naɗewa. Da sanyin safiya ka naɗe, rana ta yi sama ka sauke. Wuya ya zama mai kwala, don a tashe shi ya rufe ƙeya. Gaba kuma ya zama mai maɓallai har ƙasa. Kana iya buɗe 2 ko 3 na sama, iska ta shiga ta ƙirji ta kumbura bayan rigar. Wannan shi ne fankar mai keke. Kada a yi aiki mai kauri a wuya ko a ƙirji, kada a sa shafi a ciki. Ɗinkin ciki ya kwanta, don mai tudu yana cin fata in ta jiƙe.

Ƴar shara ta saƙi, irin ta manoma, tana shan iska sosai, kuma ba ta da tsawon da zai kai sarƙa. Aibinta guda, ta bar damatsa a rana. Ta yi wa tafiyar safe da ta yamma.

A gwanjo, rigar da ta fi kusa da abin da muka faɗa ita ce irin ta ma'aikatan ofis, mai dogon hannu da maɓallai. Ɗauki wadda ta ɗan fi ka girma. Duba hammata da kwala, nan suke fara mutuwa. Wanke ta da sabuni, ka shanya a rana sosai kafin ka sa.

Maganar aljihu. Aljihun ƙirji shi ne ya fi jiƙewa. Takardar kuɗi da katin ɗan ƙasa da takardar likita suna lalacewa a ciki. Salula kuma tana faɗowa in ka sunkuya. A sa wa aljihu murfi da maɓalli, a naɗe takardu cikin leda. Kuma kada ka goya jaka a baya. Baya ne babban filin da zufa ke bushewa. In ka rufe shi da jaka, rigarka ta zama banza komi kyanta. Keke ne jaki, shi za a ɗora wa kaya.

Tafiyar kwanaki

Wanda zai tashi daga Ƙonni zuwa Tawa, wajen kilometir 120, ko wata tafiya irin wannan, riga 2 ta hanya sun ishe shi, ban da ta shiga gari. Ɗaya a jiki, ɗaya a jaka. Inda ka sauka da yamma, ka ɗauraye wadda ka yini da ita, ko ba sabuni. Ka ga farin layin nan da ke fitowa a baya da hammata in riga ta bushe? Gishirin jikinka ne. In ya taru, yadi yana yin tauri, ya toshe, ya kuma riƙa kankare fata kamar yashi. A bazara rigar da aka shanya da magariba ta bushe kafin a kwanta.

Ka riƙe ɗan ƙyalle na auduga. A jiƙa shi a ɗora a wuya. In iska ta taso da ƙura, a rufe hanci da shi. A soke bakinsa cikin riga, kada ya yi jela. A ka kuma, malfa mai igiya a haɓa ta fi hula, don tana yi wa fuska da ƙeya inuwa.

Riga tana taimako, amma ba ta maye gurbin ruwa da inuwa. A tashi da asuba. Daga ƙarfe 11 zuwa la'asar a nemi gindin itace. A riƙa shan ruwa kaɗan-kaɗan tun ƙishirwa ba ta yi tsanani ba. In fitsari ya yi kaɗan kuma ya yi ja, jiki yana neman ruwa. In azumi ya faɗo cikin zafi, mai azumi ya fi kowa bukatar kiyaye lokacin tafiya, tun da ba zai sha a hanya ba. Zafin kuma ƙaruwa yake yi. A ranar 3 ga Afrilu 2024, cikin azumi, an auna digiri 48 da rabi a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma mutane da yawa sun rasu a wannan mako, yawancinsu tsofaffi.

In zafi ya kama abokin tafiya

Alamun farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya, kasala, da ɗaurewar jijiyoyin ƙafa. Wanda ya ji haka ya sauka nan take, kada ya ce bari in ƙarasa. Ya shiga inuwa, ya kwance maɓallai, ya jiƙa rigarsa, ya sha ruwa a hankali. In akwai sukari da gishiri, a dama ƙaramin cokali 6 na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri cikin litir 1 na ruwa mai tsabta. Kada a ƙara gishiri ya wuce haka.

In kuwa mutum ya fara sambatu, ko ya kasa gane mutane, ko ya suma, jikinsa kuma ya yi zafi kamar wuta, abin ya kai ga rai. A kwantar da shi a inuwa bisa gefensa. A tuɓe masa riga, a zuba masa ruwa a jiki duka, a sa jiƙaƙƙen ƙyalle a wuya da hammata da matsematsi, a yi ta yi masa fifita. Wanda ba ya cikin hankalinsa ba a ɗura masa ruwa a baki, don yana iya shaƙewa. A tsai da mota ko amalanke a kai shi gidan likita mafi kusa, ana tafe ana jiƙa shi ana fifita.